Saƙon Baba Direba Zuwa Ƙauyen Turawa

Tun da na dawo daga Ingila ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk Juma'a in mun fito masallaci muka zauna a shagon gahawar da ke bakin layinmu a Madinat Nasr ta Alƙahira, sai wani ya jawo kujera ya ce, "Yalla Malam Nafi'u, ba mu labari." Malam Auwal kuwa daga Ainu Shams yake tasowa takanas, ya ji labarin nan sau uku, kuma kullum a wuri ɗaya yake katse ni ya ce ƙarya nake. To na gaji. Ga shi a rubuce, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Abin da jama'a suka sani shi ne na je taron masu nazarin tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu, a watan Mayun 2014. Gaskiya ne, na je. Amma ba don taron na yi ta zaryar neman biza ba har takalmina ya suɗe. Saƙon mahaifina na kai.

Mahaifina Alhaji Garba Direba yana Funtuwa, ya haura tamanin, idanunsa sun tafi. Da ƙuruciyarsa shi ke tuƙa wani Bature likitan dabbobi da Fulani ke kira Likitan Shanu. Likita yana da 'ya mai suna Magi, 'yar shekara tara, ita kuma tana da wani jan kare da ta raɗa wa suna Goro. Da za su koma ƙasarsu ba a tafi da karen ba. Yarinyar ta riƙe hannun Baba tana kuka, ta ce ya yi mata alkawari zai riƙe mata Goro. Ya yi. Sati bai cika ba kakata ta ce ko ita ko kare a gidan, Baba ya ja Goro ya ba mafarauta. Daga nan duk shekara in wasiƙar Likita ta zo da tambayar kare, sai Baba ya je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya ce a rubuta Goro yana nan lafiya. Ana haka har wasiƙun suka yanke. Baba ya tsayar a ransa cewa gano shi suka yi, suka yi fushi.

Ni ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba sai ranar da ya sa Yaya Binta, babbar yayarmu da ke jinyarsa, ta kira masa ni.

"Nafi'u, an ce za ka ƙasar Turawa."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Kai ne mai karatu. Haƙƙin Allah in bawa ya tuba ya wuce. Na mutum fa?"

"Sai mai shi ya yafe, Baba."

"To ina da na mutum a wuyana."

Da ya gama ba ni labari dariya ta kuɓuce mini. Na ce, "Baba, kare ne fa." Ya ce, "Ba kare ba ne, amana ce. Kuma ƙarya na yi, ba sau ɗaya ba." Shekara goma sha ɗaya ina karatun fiƙihu a Masar, ga direban da bai sauke allo ba ya ɗaure ni da jijiyoyin jikina. Kunya ta kama ni. Yaya Binta ta ɗauki hoton tsohon ambulan mai adireshin ta turo mini ta waya, ta ƙara da cewa, "Ka ji tsoron Allah ka je. Abinci ya gagare shi, ba shi da zance sai na karen nan."

Matata Rabi ta haɗa mini tsaraba: dabino, da busasshen zoɓo wanda Masarawa ke kira karkade, da kilishin da aka aiko mana daga gida muke ta tattalinsa. Awa biyar muka yi a sama. A filin jirgin Landan ma'aikaciyar shige da fice ta duba takardar gayyata ta buga mini hatimi ba wani ja-in-ja, har ina cewa a raina ashe abin ba wuya. Ina ɗaukar akwatina sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna a gabansa yana kallona. Ashe ma'aikacin ne. Aka buɗe akwati, aka zaro kilishi, aka yi mini bayani cikin ladabi cewa ba a shiga da nama. Ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara. Kare ne ya fara tarbata a Ingila, kuma da asara ya tarbe ni.

Taron ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. An yi kwana uku, na karanta takardata, wata farfesa ta yi mini tambayar da har yau ban gane ta ba, na amsa mata abin da ita ma ba ta gane ba, aka tafa. Rana ta huɗu na kama jirgin ƙasa na nufi yamma.

Ku da kuka saba da metro ɗinmu, jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda mai tallar safa ke ihu, wani na rigima da surukarsa a waya, ba za ku gane shirun jirgin nan ba. Mutum ɗari a tarago, kowa ya kafa ido a littafi ko taga. Na buɗe dabino, na ga bai dace in ci ni kaɗai ba, na miƙa wa na kusa da ni. Bawan Allah ya firgita kamar na miƙa masa kunama. Can ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya yi mini godiya sau huɗu, bai sake kallona ba har na sauka.

Daga tashar sai bas zuwa ƙauyen. Na ga allon da ake tsayawa, amma ana yayyafi, sai na matsa gindin wata bishiya, taku ashirin bai kai ba. Bas ta taho, na ɗaga hannu na karkaɗa yadda muke yi wa mikrobas, wadda ko a tsakiyar gada ka ɗaga yatsa sai ta tsaya. Direba ya ɗago mini hannu shi ma, da fara'arsa, ya wuce. Ta gaba sai bayan awa biyu. Na koma jikin allon nan na manne, ruwa na dukana, ina yi wa direbobin Alƙahira addu'ar da ban taɓa yi musu ba.

Ƙauyen layi ɗaya ne, da coci, da shago, da mashaya, da ɗan tafki mai agwagi. Gidaje da yawa rufin jinka ne. Na ce ashe talakawa ne, daga baya aka ce mini sai mai hali ke iya zama a gidan jinka a can. Mu muna gudun ciyawa muna neman kwano, su suna alfahari da ita. Ba kowa a waje. Na zaci dokar hana fita aka sa, irin wadda muka sha a Alƙahira bara.

Masaukina ɗaki ne a gidan wani dattijo mai suna Tom da matarsa, waɗanda ke saukar baƙi. Ɗakin tsaf, amma bayin ya ba ni aiki. Ba buta, kuma famfo biyu ne, ɗaya ruwan ƙanƙara ɗaya tafasasshe, ba su haɗuwa. Alwala ta zama sai ka zaɓi irin azabar da kake so. Da safe aka kawo faranti na ga naman alade a kwance, na ce a yi haƙuri. Matar Tom ta ji kunya fiye da ni, ta koma ta soyo ƙwai a wani kasko daban, ta haɗo da wake mai zaƙi kamar an zuba masa sukari. Na ci ina kewar ful, dafaffen waken bakin layinmu.

Bayan karin kumallo na ce wa Tom ya nuna mini gidan mai gari in je in gaishe shi, don baƙo ba ya shiga gari ya kama harkarsa mai gari bai sani ba. Ya ce ba su da shi. Na ce mai unguwa fa? Babu. Na ce to in mutum biyu sun saɓa wa ke raba su? Ya yi tunani ya ce, "Daina gaisawa muke yi har ɗaya ya mutu."

Na nuna masa hoton ambulan. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ashe shi ne tsohon mai raba wasiƙun ƙauyen. Ya ce yana tune da wasiƙun Nijeriya saboda kan sarkinsu mai launi, shekara-shekara yake kai su gidan Likita. Sannan ya ce Likita ya mutu kusan shekara talatin ke nan. Amma 'yarsa tana nan, in ji shi, a gidan ƙarshe, ta yi ritaya daga koyarwa. Ya ɗauko takarda zai rubuta mini lambarta.

Na ce a'a, ba maganar waya ba ce, kuma ba maganar da zan je ni kaɗai ba ce. A wurinmu in za ka je wa mutum da magana mai nauyi, dattijo kake nema ya shige maka gaba, shi zai buɗe zancen, kuma albarkacin furfurarsa ake sassauta maka. Na ce a duk ƙasar nan ba ni da dattijo sai shi. Tom ya kalli matarsa, ta kalle shi. Suka shiga ciki ina jin ƙus-ƙus. Da ya fito ya sa kwat da laktaye, har da fure a aljihu. Sai daga baya na ji cewa sun ɗauka auren Magi na zo nema. Duk da haka sai da ya buga mata waya tukuna, don a can ba a faɗa wa mutum gida ba sanarwa.

Doguwar mace ce mai furfura, da takalmin roba har gwiwa, da wani kare baƙi da fari a bayanta. Tom ya gyara murya ya ce ga baƙo daga Afirka. Na ce ni ɗan Garba ne, direban mahaifinta. Ta dafa ƙofa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta buɗe baki ta ce da Hausa, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Hausar yara ce, irin ta Funtuwa sak, ta yi shekara hamsin a ajiye ba a taɓa ta ba. Ta koma Turanci ta ce abin da ya rage mata ke nan, sai "zo nan" da "bari."

Kafin in tattara bakina ta ce ɗan Garba ba zai zo garinsu ya koma bai ga komai ba. Ta zuba mu a mota, ni da Tom da kare. Kare a gaba. Mu 'yan Malikiyya a littafi ba mu ce kare najasa ne ba, na sha karantar da wannan, amma jikina bai karanta littafin ba. Na takure a baya na tattare shaddata.

Cocin muka fara zuwa. Ginin dutse ne mai sanyi kamar randa, dokin ƙofarsa ya lotsa saboda ƙafafun da suka taka shi. Kaburbura kewaye da shi, mutane na bi ta tsakaninsu da karnukansu kamar hanyar kasuwa. Ta nuna mini na mahaifinta. Na tsaya ina tunanin Baba yana can yana zaton mutumin nan fushi yake da shi. Na bar maganar tukuna, muka wuce gaba.

Daga nan sai kangon wata fadar sarakunan da, a kan tudu. Rufi babu, rabin bango ya zube, amma an share, an kafa alluna, har da mai gadi. Na tuna ganuwar garuruwanmu da ake ɗiba ana yin bulo, raina ya ɓaci. A wurin ne na ga wani ganye kore shar na shafa. Wayyo! Kamar rina goma suka taru a hannuna. Tom ya tsinko wani faffaɗan ganye nan kusa ya murza mini, zafin ya lafa. Na ce ashe Turawa ma suna da sassaƙe, ɓoyewa suke yi.

Na ƙarshe wasu manyan duwatsu ne da mutanen farko suka kakkafa a da'ira a tsakiyar fili, ba wanda ya san dalili. Magi tana ta bayani da zumuɗi. Ban so in kashe mata gwiwa ba, amma wanda ke ganin dalar Giza ta tagar mota ba a burge shi da dutse. Abin da ya burge ni shi ne ba mai raƙumi da ya biyo ni, ba mai cewa in zo in ɗau hoto. Tumaki ne kawai ke kiwo. Na shimfiɗa rigar sanyina a ciyawa na yi azahar. Ina sallamewa saƙon Yaya Binta ya shigo: "Baba na tambaya ko ka same su." Tom ya matso ya ce a hankali, "Saurayi, in za ka faɗa ka faɗa. Laktayen nan ya shaƙe ni."

Da muka koma gidanta ta dafa shayi da madara. Na yi wa Tom ido. Ya miƙe tsaye ya ce wannan mutumin kirki ne, ya kwana gidansa, yana da magana, kuma shi yana goyon baya. Na zame daga kujera na durƙusa a ƙasa, don ba a neman gafara a kan kujera. Karen ya ga na sauko daidai tsayinsa, ya zo ya lashi kunnena. A nan ne Malam Auwal ke cewa ƙarya nake, wai da na tsallake taga. Wallahi ban motsa ba. Na runtse ido na faɗi komai: alkawarin, da kakata, da mafarauta, da mai rubuta wasiƙa. Na ce mahaifina yana gab da komawa ga Ubangijinsa, yana roƙon ta yafe masa.

Sai ta tashi ta hau bene, na ce shi ke nan, na ɓata. Ta dawo da wani gwangwanin biskit ta juye a tebur. Wasiƙun Baba ne, ɗaure da zare. Ta riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya tana karantawa: an yi ruwa, gero ya yi kyau, an haifa mini 'ya an sa mata Binta, Goro yana lafiya. Na sayi mota tawa, Goro yana lafiya. Na je Makka, Goro yana lafiya. Ta fara dariya, hawaye na zuba.

Ta ce, "Shekara ashirin da biyu Goro yana lafiya. Mahaifina likitan dabbobi ne fa. Ya san shekarun kare."

Na ce, "Kun sani?"

"Shi ya sani tun da wuri. Ni sai da na girma, kuma na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba, shekara guda ban yarda an karanta mini wasiƙar ba. Na ce masa me ya sa kake ci gaba da tambaya? Ya ce in na daina tambayar kare, Garba zai ga ba shi da dalilin rubutowa, ni kuma ina son jin labarinsa." Ta share ido. "Da ya mutu ni ya kamata in sanar da Garba. Na ɗauki biro ya fi sau goma na kasa. Ni ma ina da laifi a wurinsa."

Na kira Funtuwa na buɗe murya. Yaya Binta ta kara wa Baba wayar. Na koya wa Magi kalma biyu, ta maimaita su har suka zauna.

"Baba Direba," ta ce.

"Wace ce? Magi? 'Yar Likita?"

"Na yafe."

Baba ya ce, "Duniya da lahira?" Na fassara mata. Ta ce a faɗa mata yadda ake cewa, ta faɗa da bakinta, duniya da lahira. Ina jin Yaya Binta tana kuka daga can.

Sai na gaya masa Likita ya daɗe da mutuwa, shi ya sa wasiƙu suka yanke, ba fushi ba ne. Baba ya yi salati. Sannan ya ce in yi mata gaisuwa, in ce mahaifinta bai taɓa ɗaga masa murya ba, kuma shi ma ya yafe. Ta tambayi yadda Goro ya ƙare. Baba ya ce ya sha ganinsa a kasuwar ƙauye da laya a wuya, ya zama jagaban karnukan farauta, har gadu ya taɓa kayarwa. Ta ce dama bai taɓa son zaman gida ba. Tom dai yana gefe ya kwance laktaye yana fyace hanci, ban sani ba ko tausayi ne ko murnar ba auren aka zo nema ba.

Na bar mata dabino da zoɓo, na nuna mata yadda ake jiƙa shi. Ita kuma ta roƙi abu ɗaya, a ci gaba da wasiƙa. Washegari na manne da allon bas tun saura rabin awa.

Na sauka Alƙahira, hayaniya da hon suka rufe ni, na ji kamar an cire mini auduga a kunne. Yaya Binta ta ce tun ranar Baba ya nemi tuwo, har yana faɗan miya ba gishiri. Bayan sati biyu ya kira ni ya ce in ɗauko takarda da biro, tunda mai rubuta wasiƙar bakin gidan waya ya daɗe da rasuwa, ni ne magajinsa.

"Rubuta. Ina gaishe ki. An fara ruwa, an yi shuka. Ƙafata da sauƙi."

Na rubuta.

"Sai me, Baba?"

"Sai ka ce mata Goro ya mutu. Allah ya ba ta haƙuri."